Kada Ki Bar Haliru a Sabon Birni

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Ta-Goggo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki da yaronki da duk mutanen gidanku na Sabon Birni. Mu nan Isa sai godiyar Allah, ƙafar nan tawa ce dai ta ƙi bari na. Allah shi tsare ki a hanyar Sakkwato ranar Asabar, shi rufe idon mugu ga motar da za ki shiga, shi sa albarka ga aikin da anka mayar da ke can. Halin hanya kin san shi, ba sai na faɗa ba. Ki yi addu'arki tun daga tasha, kuma kada ki shiga motar yamma ko kyauta anka ce.

Kada ki yi mamakin ganin takarda cikin ƙullin kuka da daddawa. Ina da waya, na sani. Amma in na kira ki gaisuwa za mu yi, ki ce "Malama, ina gajiya," in ce "ba gajiya," mu yi shiru kamar baƙi, mu kashe. Haka muke tun kina ƙarama. Abin da ke cikina ba ya fita ta baki, shi ya sa na ɗauko alƙalamin da na daɗe da ajewa. Ki karanta yau. In kinka bari sai kin isa Sakkwato, ba ta da sauran amfani.

Maganar guda ce, kada ki bar Haliru. Da ɗanki za ki tafi.

Ranar sunan nan na gidan surukarki Hajiya Tumba ina zaune bakin rumfa, komi a idona anka yi shi. Haliru ya ciji ɗiyar ƙanwar mijinki a kumatu har haƙoransa sunka fito raɗau. Yarinya ta tsala ihu, mata sunka taso. Hajiya Tumba ta tafa hannu ta ce, "To ga shi nan! Ɗan ma'aikaciya ke nan. Uwa na asibiti tana karɓar ɗiyan mutane, nata ya koma ɗan kwikwiyo. In ta tafi da shi birni wa zai riƙe shi? Nan za a bar mini shi in gyara shi." Ta juyo gare ki. Kinka sunkuyar da kai kinka ce, "Duk yadda kunka gani, Hajiya." Mata sunka ce madalla, ɗiyar Malama akwai kunya. Wata har ta dafa ni tana yi mini barka da tarbiyya. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Kowa ya ga cizon. Abin da ya zo kafin cizon ni kaɗai na gani. Kin shigo daga aiki da fararen kayanki, yaron yana wasa da murfin kwano, ya hango ki, ya yar da murfin ya sheƙo da gudu. Ya kama gefen zanenki. Kinka kaɗe hannunsa ba ki ko dube shi ba, don ɗan fari ne kuma dangin miji na zaune. Kinka wuce kinka ɗauki ɗiyar ƙanwar mijinki, kinka aza ta a cinya kina yi mata wasa. Ya tsaya yana kallon ku. Da kinka sauke ta, shi ne ya je ya cije ta. Ruwa ba ya tsami banza, Ta-Goggo. Kuma hannun nan da kinka kaɗe shi da shi na gane shi, don nawa ne. Ni na koya miki.

Bari in faɗa miki abin da ba ki iya tunawa.

Lokacin da na haife ki ina koyarwa a firamare nan Isa. A unguwarmu ni kaɗai ce matar aure mai fita da safe da jaka. Babanku, Allah shi jiƙan shi, bai hana ni ba, amma danginsa ba su bar ni na sha ruwa ba. Boko ya ci ta, ba ta san gida ba, gobe za ta kira mijinta da suna. Yayarsa, Goggo, ita ke riƙe ki in na fita, kuma daga nan kinka samu sunan da nake kiran ki da shi har yau. Goggo ba ta cuce ki ba. Tana ba ki kunu a kan kari, tana goya ki, tana yi miki wanka. Fitar da nake yi da safe ba ita ta ɓata ki ba, ki riƙe wannan da kyau. Dawowata ce ta ɓata ki.

Saboda an ce boko ya cire mini kunya, sai na ƙudura za ni nuna musu kunyar ɗan fari irin wadda ko matan ƙauye ba su yi. Wasu matan in sun shiga ɗaki sun saki labule suna rungumar ɗansu, su shinshina kansa, su yi masa waƙa a kunne. Ni ko a ɗaki ban yi ba, ina tsoron a leƙo a gani. Kina jin ƙarar takalmina a zaure za ki taho da gudu, kina faɗuwa kina tashi, hannu sama. Ni ko in ratse ki kamar turmi ne a hanya. In akwai gyaɗa ko alewa a jakata, ɗan maƙwabta nake miƙa wa a gabanki. Mata su ce, "Kai, Malama akwai alkunya, ashe boko bai taɓa ta ba." In ji daɗi har cikin raina. Da ke na biya kuɗin fitata aiki, ba ki ko cika shekara uku ba.

Sai kinka fara cizo. Duk yaron da na ɗauka, ki bi shi ki cije. Kin ciji ɗan maƙwabta a kunne har jini ya fito, uwarsa ta zo tana zage-zage a tsakar gida. Goggo ta ce, "Cizo shi ka maganin cizo," ta kama hannunki ta gartsa miki haƙori. Bai yi magani ba. Ni kuma in fizgo ki in tsula miki tsumagiya a ƙafa. To ki duba wautata. Yini guda cur hannuna ba ya taɓa ki, bakina ba ya yi miki magana, sai ran da kinka yi cizo. Ranar ce za ni kama ki, in dube ki ido cikin ido, in yi ta faɗa. Yaro ba wawa ba ne. Kin gane hanya guda ce ke kawo miki uwarki, kinka riƙe ta. Ina koya wa ɗiyan mutane karatu a aji, amma wannan ɗan lissafin ya gagare ni.

Don haka ga abin da nake so ki yi. In kin dawo aiki, kafin tukunya, kafin waya, kafin ki cire takalmi ma, ki aje jaka ki durƙusa. Ki bar shi shi faɗo jikinki. Ki kira sunansa da bakinki, Haliru, ba "kai" ba, ba "yaron nan" ba. Ki zauna kan tabarma da shi gwargwadon abin da ruwan shayi zai tafasa, shi nuna miki murfin kwanonsa, ki ce kai, wanga mota ce ko jirgi? Tuwo bai taɓa guduwa don an jinkirta shi kaɗan ba. Yaron da ya samu uwarsa kyauta ba ya buƙatar sayen ta da haƙori. In kuma ya yi cizon, ki riƙe hannuwansa biyu, ki ce masa a'a, ba a yi, ki ɗauke shi daga wurin. Kada ki rama, kada ki bari wani ya rama. Yau a'a, gobe a'a, jibi a'a, ba yau dariya gobe duka ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ɗaci, don shi ne Hajiya Tumba ke shirin maimaitawa a kan jikana.

Da cizonki ya ishi kowa, sai dangi sunka yanke cewa a kai ki Bafarawa. Lokacin Goggo ta koma can gidan mijinta. Anka ce can za ki shiryu, nesa da uwa 'yar boko. Da babanku ya tambaye ni, kin san mi na ce? "Duk yadda kunka gani." Kalmar da kinka faɗa ranar suna, ita ce tawa, ko wasali ba ki canja ba. Ranar kasuwar Bafarawa na kai ki da kaina. Tun a mota kin ƙanƙame mini mayafi, kamar jikinki ya ba ki. Da lokacin komawa ya yi Goggo ta ƙyafta mini ido ta ce miki, "Zo mu je bayan gida ki ga akuya ta haihu." Kinka bi ta kina waiwaye. Ni ko na ɗauki jakata na sulale kamar ɓarauniya. Ina bakin hanya ina jiran mota ina jin kukanki ta saman katanga, kina kiran Inna, Inna. Ban koma ba. Na ce a raina in na koma za a ce ba ni da kunya.

Goggo ta ce kwanaki kina zaune a zaure kina kallon hanya, ba ki cin abinci sai an matsa. Daga baya kinka daina. Da lokacin shiga makaranta ya yi anka dawo da ke, kowa na ta yabo. Ta shiryu, ta yi hankali, Goggo ta iya riƙo. Gaskiya ne ba ki ƙara cizon kowa ba. Kuma ba ki ƙara tahowa zaure da gudu ba. Kin shigo kinka durƙusa nesa da ni kinka ce, "Malama, ina wuni," yadda kinka ji 'yan makaranta na faɗa. Na zaci kwana biyu za ki koma ce mini Inna. Ga shi kin yi aure kin haihu, ina nan ina jira.

Wannan shi ne gyaran da Hajiya Tumba ke nufi. Za ta iya, ban musa mata ba. Za ki dawo hutu ki iske yaro lafiya lau, mai gaisuwa, mai ladabi, ba cizo ba ihu. Zai dube ki yadda ake duban baƙuwar da ta zo da tsaraba. Mutane za su ce ya shiryu, ke kaɗai za ki san abin da ya mutu. Yaron da ya yi shiru ba lallai ya warke ba, wani ya fid da rai ne kawai. Ni wallahi gara mini Haliru mai cizo, don mai cizo bai yanke ƙauna ga uwarsa ba tukuna.

Kuma ko a Sakkwato, duk safiyar da za ki fita, kada ki sulale. Kada ki ce je ka ga akuya. Ki tsaya gabansa ki ce, "Za ni aiki, in an yi kiran la'asar ina dawowa." Zai yi kuka, bar shi shi yi. In la'asar ta yi kuma ya gan ki, gobe kukan zai ragu. Ƙaryar da ake yi wa yaro don a samu hanyar fita, ita ke sa shi ƙanƙame zane ko bayi za ki shiga.

To kada ki ce Malama na nufin in bar aiki in zauna. Haba! Nan ma na gwada, ki ji yadda ta ƙare.

Da na haifi ƙanenki Sani, anka taso ni gaba. Kin ga yadda ta farko ta lalace, wanga ma haka za ki yi masa? Na gaji da magana, na aje aikin. Ba don Allah na aje ba, ba don Sani ba, don a rufe mini baki ne. Na zauna gida da baƙin ciki. Da safe in na ji ƙararrawar makaranta sai raina ya ɓaci har azahar. Ina gida, ƙwarai, daga asuba har isha ina gida. Amma ki tambaye ni sau nawa na zauna na yi wa Sani tatsuniya. Jikina ne a gidan. In ya matso in ce kauce ka ba ni wuri. In ya yi kuka in cusa masa duk abin da ya nuna don in samu lafiyar kunnena, ko sukari ne, ko wuƙa ce. In ya nufi zaure in ce dodo na nan zai kama ka, don ba ni da ƙarfin bin sa. Ban bar shi ya yi wasa da yara ba, ban kuma yi wasa da shi ba.

Mi ya fito? Yaron da in an hana shi abu zai faɗi ƙasa ya yi ta buga kai da daɓe, ya ɗauke numfashi har leɓensa ya canja, sai an watsa masa ruwa. Sa'o'insa na surutu shi sai nuni da yatsa. Fitsarin kwance har ya shiga aji. In baƙo ya yi sallama ya shige bayana yana makyarkyata. To a nan ne na ga rashin adalcin mutane ƙiri-ƙiri. Ko mutum guda bai ce zaman uwarsa gida ne ya ja ba. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce baki ne, wata ta ce mayya ta gan shi a gidan biki. Munka sha yawon karɓar rubutu, munka turara shi da hayaƙi har ya yi tari. In uwa na aiki, laifi nata ne. In uwa na gida, laifi na aljani ne. Tir da wanga hukunci.

Sani ya girma, alhamdu lillahi, yana kasuwancinsa, ba ya cutar kowa. Amma kin san shi. Mutum da gemunsa, ko hula zai saya sai ya zo ya tambaye ni wace kala. Ke na hana ki ni, shi kuma na hana shi duniya, duka biyun da hannuna.

Shi ya sa nake ce miki ki yi aikinki. Kin sha wahalar karatun ungozoma, kuma mata na mutuwa wurin haihuwa a ƙasar nan, ba sai an ba ki labari ba. In wata rana zuciyarki ta ce ki zauna gida, ki zauna da farin ciki, babu aibi, mata nawa sunka yi sunka tayar da ɗiya nagari. Amma kada ki zauna don gorin wata. Uwar da ta zauna da ƙunci, yaro na shan ƙuncin tare da nono.

Akwai kuma abin da ku kuke da shi wanda mu ba mu sani ba a zamaninmu, kuma shi ma an ɗora wa aikinki. Haliru cikin mi ya buɗe ido? Tun yana goye yake jin an ce ku shiga ɗaki, ku yi shiru. Ya ga mutanen Gatawa da na Gangara sun shigo gari da tabarmi a kai, mata na kuka a tsakar gidanku. Manya na zama gabansa suna lissafin wa anka ɗauke, wa anka kashe, wa anka sako, suna miƙa wa juna waya ana kallon abin da ko babba ba ya iya barci in ya gani. Sun ɗauka yaro ba ya ji. Yana ji sarai, fassara ce ba ya da ita. Na gan shi da idona, babura biyu sunka wuce ƙofar gida da gudu, ya yar da abin hannunsa ya shige bayan randa. Da sunka wuce ya fito ya ɗauki kara ya saita kaji yana ta-ta-ta, ya bi ɗan akuya da duka. Hajiya Tumba ta ce, "Kun gani ko, rashin uwa." To ɗiyar maƙwabciyarku fa, wadda uwarta ko zaure ba ta taɓa leƙawa ba? Ba ita ce in ta ji babur take sakin fitsari a tsaye ba? Ita kuma wane asibiti uwarta ke aiki? Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda na ji da kunnena. Yaron ya ƙi cin tuwo, sai Hajiya Tumba ta ce, "Ci, ko in kira uwarka ta yi maka allura." Inna lillahi! Kowane yaro ana tsorata shi da dodo ko kura, shi da uwarsa ake tsorata shi. Kina fita ana mayar da ke dodo, kin dawo kin kaɗe masa hannu. Sannan a ce wai mi ke damun yaron nan? Yo ni da nake tsohuwa in anka yi mini haka sai na ciji mutum.

A Sakkwato ki hana wannan. Duk wadda za ki bar mata shi, ki zauna da ita tukuna ki ga yadda take da nata ɗiyan. Ki nemi mace mai hankali wadda ta san ciwon haihuwa, kuma ki riƙe guda, kada yau wannan gobe waccan. Ki faɗa mata a fili, ba a tsorata shi da allura, ba a tsorata shi da 'yan bindiga, ba a miƙa masa waya don shi yi shiru. In ya tambaye ki mutanen daji za su zo nan, kada ki ce rufe mini baki. Ki ce masa ina nan, babanka na nan, Allah na nan, ki rungume shi. In kinka ga abin ya ƙi sauƙi bayan kin yi naki, ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin fi ni sanin ƙofar da ake bugawa. Ki kai shi a duba, ba abin kunya ba ne.

Kada ki ɗauka ina zaune ne ina rubutu kawai. Washegarin suna kafin in komo Isa na shiga wurin Hajiya Tumba. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, yaron nan a bar shi ya bi uwarsa." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah! Malama, ke da bakinki? Ke da kinka kai taki Bafarawa? Ba ga ta nan ta zama mutum ba?" Na ce, "Ta zama mutum, Hajiya, amma ba ta zama tawa ba." Ta ce, "Wanga kuma sabon karatu ne. Mu dai yadda munka iske ake yi haka muke yi. Ita uwar ai ba ta ce tana so ba." Nan ta kashe ni, don gaskiya ta faɗa. Ba muguwa ba ce, tana son jikanta, yadda anka yi mata take yi. Na kuma sa Sani ya kira maigidanki can Maraɗi inda ya kai kaya. Maigidan naki ya ce shi bai ƙi ba, amma ba ya iya ƙetare maganar mahaifiyarsa a kan abin da matarsa da kanta ba ta nema ba. Kin ji. Kowa ya jingina abin a bakinki, ke kuma kin kulle bakin da kunyar da na gadar miki.

Don haka kafin Asabar ki je ki durƙusa gaban surukarki, da ladabi, ba da tsiwa ba. Ki ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri, Haliru ɗana ne, da shi za ni tafi. Duk hutu za ni kawo miki shi." Ki faɗi sunan, ki faɗi "ɗana." Na san nauyin kalmar, za ki ji kamar an tuɓe miki zane a kasuwa. Za a yi salati, za a tafa hannu, za a ce ɗiyar Malama ta zubar da kunya, birni ya kira ta tun ba ta je ba. Ki bari su ce. Ni an yabe ni. Shekara da shekaru ana ba da misali da ni a gidajen suna, ana ce wa amare ku yi koyi da Malama. Ga ni nan zaune da yabon, ba ya gaishe ni da safe, ba ya ce mini Inna. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba, ki yi wa surukanki, ki yi wa manya. Amma yaro ɗan shekara uku bai san al'ada ba. Abin da ya sani shi ne ya miƙa hannu an kaɗe.

Ban rubuto don ki yafe mini ba, wannan tsakaninki da Allah ne, kuma in ba ki iya ba ban ga laifinki ba. Da na sani ƙeya ce. Ni tawa ta wuce, taki ce ke gabanki, kuma kwana kaɗan ya rage.

Saura abu guda. Ranar da anka raɗa miki suna ina cikin ɗaki na lulluɓe kai, mata na tsokanata wai in faɗi sunan in na isa. Ban faɗa ba. Tun daga ranar ban taɓa faɗa ba, ko a gaban mutane ko ni kaɗai. In wata mai irin sunan ta zo aji, "ke" nake ce mata. Ko a addu'a sai in ce Allah ka tsare mini yarinyar nan, na bar Shi da sanin wadda nake nufi. Amma yau, tunda na ce ki yi abin da ya fi ƙarfinki, dole in fara yin nawa.

Lubabatu.

Lubabatu, ɗiyata. Na ji kiran da kinka yi mini ta saman katanga a Bafarawa, ban amsa ba. Ki amsa na ɗanki.

Allah shi kai ku Sakkwato lafiya, ke da Haliru, a kujera guda, yana kan cinyarki. Allah shi kare ku daga sharrin hanya da sharrin daji da sharrin baki. Allah shi sanyaya zuciyar yaron nan, shi shirya shi, shi sa ya ji ƙan ki ran da ƙarfinki ya ƙare. Allah shi kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir. Daddawar ki shanya ta in kin isa, ba ta gama bushewa ba. In kun sauka ki kira ni, ki ba shi wayar in ji muryarsa, ta haka za ni san kin karanta.

Wassalam.

Ni ce wadda kike ce wa Malama,
Innarki.